Kilo 90 na Kayan Gyara: Shirin Land Cruiser Don Ratsa Hanyar Canning

Mu ɗauki mota guda da tafiya guda. Motar Toyota Land Cruiser ce ƙirar HZJ78, doguwar nan mai rufaffen baya, da injin dizal 1HZ mai silinda 6 da girman lita 4.2, sitiyarinta a hagu, ta ci kilomita sama da 200,000. Mutum biyu ne za su sa ta a kwantena zuwa tashar jiragen ruwa ta Fremantle, kusa da birnin Perth a yammacin Ostireliya, daga nan su haɗu da wasu motoci biyu irinta su bi hanyar da ake kira Canning Stock Route.

Hanyar tsohon burtalin shanu ce. Alfred Canning ya auna ta a 1906 da 1907, aka haƙa mata rijiyoyi daga 1908 zuwa 1910, kuma har yau da lambar rijiya ake faɗin inda mutum yake, daga ta 1 zuwa ta 51. Tsawonta kusan kilomita 1,850 ne daga Wiluna a kudu zuwa yankin Halls Creek a arewa, ta ratsa hamadun Little Sandy, Gibson da Great Sandy, da tuddan yashi sama da 900. Babu mai gyara ta. Ana bin ta ne lokacin sanyinsu, tsakanin Mayu da Satumba, a mako biyu zuwa uku, da takardar izini daga masu ƙasar, waɗanda mafi yawansu al'ummar Martu ne. A kan hanyar kanta wurin sayen mai da ake dogaro da shi shi ne ƙauyen Kunawarritji, kusa da Rijiya ta 33, kimanin kilomita 1,000 daga Wiluna. Direban da ya san hanyar Agadas zuwa Dirku ya san wannan injin ciki da bai, ya kuma san yashi. Abin da zai zo masa sabo shi ne ciyawar da ke kunna wa mota wuta, da gargadar da ba ta ƙarewa, da tsaurin jami'an tashar jirgin ruwa a kan abin da ke cikin akwatin kayan gyara.

Sikeli kafin kasuwa

Ba a fara wannan shiri da jerin abin da za a saya, da sikeli ake farawa. Farantin da ke jikin HZJ78 yawanci yana nuna kilo 3,200 a matsayin iyakar nauyinta da duk abin da ke ciki. A wannan lamari, bayan an ɗora mata bamban ƙarfe, winci, batir na biyu, firji, akwatunan baya, shebur da igiyar ja, sikeli ya nuna kilo 2,500 ba mai a tanki. Saura 700.

Mai ne ke fara cin rabonsa. Motar da aka loda haka tana shan lita 20 a kowace kilomita 100 idan yashi ya yi laushi, don haka a kan wannan ake lissafi ko da a wasu wuraren za ta sha ƙasa da haka. Kilomita 1,000 da ƙarin 150 na ratse zuwa rijiyoyi da maɓuɓɓugai ya kama lita 230, a ƙara kashi ɗaya cikin biyar saboda tudun da sai an yi ta gwadawa kafin a haye, ya zama wajen lita 280. Tankunanta biyu suna ɗaukar 180, sauran 100 sai jarkoki biyar. Litar dizal kusan gram 840 ce, wato kilo 235, da nauyin jarkokin ƙarfe kilo 20. Ruwa lita 80 da mazubinsa kilo 85, domin yawancin rijiyoyin sun rufta ko sun yi gishiri, kaɗan ne aka gyara. Mutum biyu kilo 150. Tayar safaya ta biyu da rim ɗinta kilo 40. Abinci, shimfiɗa, tukwane da tufafi kilo 80, an matse ke nan. Jimilla 610. Abin da ya rage wa sifana, jak, man juye da kayan safaya gaba ɗaya kilo 90 ne.

Mutane da yawa suna tsallake wannan lissafi, su cika mota da duk abin da tsoro ya raya musu, su tashi da kilo 3,600. Daga nan sai lodin ya riƙa karya abubuwan da aka ɗauko safayarsu: sifirin ya kwanta, shokazoba ta yi zafi ta zubar da mai, gefen taya ya kumbura ya tsage, shasi ya fara tsaguwa a bayan maƙalin sifirin. Shi ya sa kowane abu sai ya amsa tambaya uku kafin ya shiga akwati. In ya lalace, motar za ta tsaya cik? Wannan hanya tana lalata shi? Mutanen nan biyu za su iya canza shi a kan yashi da kayan aikin da ke hannunsu? Wanda ya faɗi ko da tambaya ɗaya, a gida zai zauna.

Abin da ake canzawa kafin a rufe kwantena

Kayan da suka faɗi tambaya ta uku su ake canzawa a gareji tun kafin tafiya. Kuloci na farko: canza shi yana buƙatar sauke giyabos, aikin da ba ya yiwuwa a gindin tudu, don haka in ba a san shekarunsa ba a sa sabo. Taimin bel da ɗan boris ɗin da ke ɗaure shi, wanda Toyota ta sa wa wa'adin kilomita 100,000 zuwa 150,000 gwargwadon shekarar injin. In ya tsinke bawul da fistin za su haɗu, tafiya ta ƙare. Famfon ruwa, tamostat, duk tiyon lagireto da na hita, fanbel guda biyun da ke tafiya tare, boris da sil na ƙafafu huɗu, da bushin sifirin. A kwance gwiwar aksul na gaba a wanke a sa sabon giris da sababbin sil. A kai lagireto a buɗe a wanke, in robar samansa ta fara canza launi a sa sabo.

Dabarar da ta fi amfani a nan ita ce a riƙe tsofaffin da aka cire, masu sauran rai, su zama safaya. Tsohon fanbel da tsohon tiyo an tabbata sun dace da motar, tunda daga jikinta suka fito. Sabo a leda kuwa, sau da yawa sai a jeji ake gane cewa na wata shekarar ƙira ne. Bayan aikin a yi tafiyar kilomita 1,000 ko fiye kafin a loda ta a jirgi, domin notin da bakanike ya manta bai ɗaure ba ya nuna kansa a inda akwai gareji.

Abin da zai hau jirgi da abin da za a saya a Perth

An sayar da HZJ78 a Ostireliya shekaru da dama daga 1999, kuma ma'adinai da gonakinsu cike suke da dangin wannan mota. Filtar mai, filtar iska, baƙin mai, lainin burki, boris, duk ana samu a Perth ba wahala, babu dalilin biyan kuɗin jirgi a kansu. Amma motocin can sitiyarinsu a dama yake. Duk abin da ya shafi ɓangaren direba, kamar sandar da ke haɗa akwatin sitiyari da ƙafa, wayar totur, da bututun ƙarfe na burki da na kuloci, ba lallai na can su dace ba. Waɗannan ake saya daga gida da lambar shasi, a gwada su a jikin motar kafin a naɗe. A kuma duba wutar motar: wasu tsofaffin Land Cruiser na dizal da aka sayar a Turai da Afirka bolt 24 ne, na Ostireliya kuwa 12, kwan fitila da rile da kik ɗinsu ba sa shiga juna.

Sai dokoki biyu da ke kama baƙi. Tun ƙarshen 2003 Ostireliya ta haramta shigo da duk abin da ke ɗauke da asbestos, kuma lainin burki, faifan kuloci da gaskit marasa suna da ake samu a kasuwannin kayan mota suna cikin abin da ake zargi. In jami'ai suka yi shakka za su riƙe motar a yi gwaji, mai mota ne zai biya gwajin da kuɗin ajiya. Don haka waɗanda ke jikin motar su zama na asali masu rasit, safayarsu kuma a bari sai an sauka. Ta biyu dokar kare ƙasa daga ƙwari da irin ciyayi: ba a yarda da ƙasa, iri, ganye ko busasshen taɓo a ko'ina ba, har cikin shasi da bayan lagireto. Tsofaffin kayan da aka riƙe a matsayin safaya sai an wanke su tas, shebur da jak ma haka. Katakon da ake sa wa jak a ƙasa kada a ɗauko shi, a saya a can. Jarkoki su tafi wanke babu mai, tukunyar gas da gwangwanayen feshi kuma kamfanonin jirgi ba sa son ganinsu a kwantena. Motar kanta da takardar Carnet de Passages take shiga na ɗan lokaci, kuma yana da kyau a rubuta jerin kayan gyaran da ke cikinta dalla-dalla tun daga tashar farko.

Gargada

Tuddan yashi ne ke fitowa a hoto, amma gargada ce ke kashe motoci a Canning, musamman kafin da bayan Rijiya ta 33, inda hanya ta zama kamar ƙananan kunyoyin gona a jere na tsawon sa'o'i. Shokazoba aikinta mayar da girgiza zafi. Idan ta yi ta aiki ba hutu a ƙarƙashin lodi, man cikinta yana kumfa, sil ya ƙone, mai ya tsiyaye, daga nan sifirin ne kaɗai ke karɓar duka. A 2011 kamfanin Mercedes-Benz ya kai ayarin sababbin motocin G-Class wannan hanya, da dama daga cikinsu shokazobarsu ta fashe a wannan yanki, sai da aka kawo wasu ta jirgin sama. Ba tsufan mota ne ke jawo wannan ba, gudu ne da lodi da iskar taya mai yawa.

Saboda haka kaso mafi girma na kilo 28 da aka ware wa safaya daga cikin 90 ɗin nan ya tafi ƙarƙashin mota. Shokazoba ɗaya ta gaba, ɗaya ta baya, da cikakken saitin robobinsu da washa da noti, domin robar ce ke fara narkewa. HZJ78 gabanta sifirin mai murɗi ne, bayanta mai ganye. Na murɗi ba ya yawan karyewa, na ganye kuwa uwar ganyen ce ke tsagewa kusa da ido. Uwar ganye ɗaya ta ishi motoci uku, tare da kusar tsakiya biyu da ƙarfen U biyu da notinsu. In kusar tsakiya ta tsinke, aksul yana zamewa baya a gefe guda, mota ta riƙa tafiya a karkace. Gyaranta sa'a biyu ne in akwai kusar, in babu kuwa sai ɗaure-ɗaure da sarƙa.

Akwai kusoshi huɗu a ƙasan gwiwar aksul na gaba da ke riƙe hannun sitiyari. Gargada tana kwance su a hankali, in suka kwance sai su tsinke, ƙafa ta kwanta. Safayarsu da ƙananan washa masu siffar mazurari ba su kai rabin kilo ba, kuma kowace safiya sai an sa musu sifana. Haka kusoshin taya: ƙirar da aka fara daga 1999 kusa biyar gare ta masu kaurin milimita 14, ba shida irin na tsohuwar Land Cruiser ƙirar 75 ba, don haka rim ɗin tsohuwar ba ya shiga. A ɗauki kusa biyar da noti biyar.

Boris saiti ɗaya na gaba, ɗaya na baya, da sil da gaskit da washar kulle. A cika su da giris tun a gida a naɗe a leda mai kauri, domin cusa giris a boris cikin iska mai yashi lalata shi ne tun kafin ya fara aiki. Kan aksul na gaba, wanda ke juyawa cikin gwiwa, guda ɗaya ya ishi ayarin. Yana fashewa ne idan aka taka totur ƙafa tana sama sannan ta dira, kuma ba a haye tuddan nan da ƙafa biyu.

Injin 1HZ ba ya neman abu da yawa. Famfon nozul ɗinsa na ƙarfe ne zalla, waya ɗaya ce ke zuwa wani ɗan maganaɗisu da ke buɗe hanyar mai. In ya mutu injin zai yi ta juyawa ba ya tashi. Safayarsa ta shiga aljihu, in ma babu ana iya cire ɗan sandan cikinsa a tayar da mota, sai dai a kashe ta da giya. Filtar dizal uku, saboda man jarka da na durom yana zuwa da ruwa da datti, da mita biyu na tiyon mai da kilif. Filtar iska ɗaya, ta baƙin mai ɗaya. Maimakon ɗaukar altaneta da kik sukutum, a ɗauki gawayin altaneta da regileta, da tagullar cikin kik, waɗanda su ne ke cinyewa har a ji ƙas-ƙas mota ba ta tashi. Injin da ba ya buƙatar wuta sai ta wannan maganaɗisu zai yi kwanaki a kan batir biyu da faifan sola ko da altaneta ta mutu. Fiyus, rile, waya, murfin lagireto, garin toshe yoyo da gam mai haɗi biyu na liƙe tanki sun cika jerin. Famfon nozul, gaskit na kan injin da haƙoran aksul ba sa cikin akwatin: sun faɗi tambaya ta uku.

Taya da wuta

Tayoyi shida iri ɗaya, masu kaurin gefe, 235/85R16 ko 7.50R16. Itatuwan da gobarar daji ta ƙone suna barin tsinke mai kaifi a bakin hanya, kuma gefen taya suke hudawa. Iska ita ce maganin rabin matsalolin hanyar: wajen psi 18 zuwa 20 a tuddai, 24 zuwa 28 a gargada da duwatsu, ana rage gudu daidai da rage iska. Kayan taya sun ci kilo 20: famfon iska mai ƙarfi da ake maƙalawa a batir kai tsaye, geji biyu, igiyoyin toshe huda guda 50, faci manya na gefe, gam, bawul, tib biyu da za a cusa a tayar da ta ƙi toshuwa, ƙarfen ɓamɓare taya daga rim, da lebar taya biyu. Duk wanda bai taɓa cire taya daga rim da hannunsa ba ya je wurin mai faci ya koya kafin tafiya. Jak na kwalba biyu da faranti mai faɗi sun fi dogon jak ɗin nan mai nauyin kilo 13 amfani, kuma ba a shiga ƙarƙashin mota sai an kwantar da tayar safaya a ƙarƙashin shasi.

Ciyawar da ake kira spinifex tana tsirowa a tsakiyar hanya, tana da ƙaro mai kama wuta. Tana taruwa a kan farantin kariya, gefen salansa da kewayen farfela, ta bushe, ta kama. Akwai gawarwakin motoci da suka ƙone a bakin hanyar. Kayan yaƙi da ita masu arha ne: ƙugiyar waya mai tsawon mita ɗaya, safar hannu ta fata, abin kashe gobara biyu inda hannu zai kai, da famfon feshi na lita 5 cike da ruwa, wanda ya fi garin kashe gobara isa lungu. Irinta kuma yana toshe lagireto, don haka a ɗaura raga a gaban bamba, a riƙa kaɗe ta, ana kallon allurar zafi tunda ragar ma tana rage iska.

Akwatin sifana

Kilo 30. Toyota tana amfani da kan noti 8, 10, 12, 14, 17, 19, 22 da 24, don haka babu amfanin ɗaukar saiti mai guda ɗari. Amma kayan da aka ƙara wa motar daga baya sukan zo da 13, 16 ko 18. A zagaya motar da sifana a taɓa kowane noti, abin da bai shiga ko'ina ba a ajiye shi. Lamba 10, 12 da 14 a ɗauki bibbiyu. Soket 54 na notin boris ɗin gaba wajibi ne, haka ɗan makullin musamman na notin boris ɗin baya, da filayar cire zobe, da sandar tagulla da ake bugawa don washa masu mazurari su saki. Ba tare da waɗannan huɗun ba, boris ɗin da aka ɗauko kaya ne kawai. Sifanar awon ɗauri ta zama mai wuce Nm 200, domin notin rim ɗin ƙarfe mai kusa biyar Nm 209 yake so. Sai doguwar sanda ta kwance noti, sifanar bututun burki lamba 10, guduma mai kilo ɗaya, kurfi, zarto, fayil, filaya mai kulle biyu, bindigar giris, mitar wuta, na'urar huda mai batir, wayar ɗauri, da littafin gyaran motar a takarda.

Walda ana yinta da batir biyu ko uku da aka cire daga motoci aka jera su bi da bi, da wayoyin jan wuta masu kauri, sandunan walda na milimita 2.5 a cikin bututu mai murfi, da gilashin ido. Da 'yan guntayen ƙarfe, wannan ya isa a kama maƙalin shokazoba ko rak ɗin da ya tsage. Shi ma sai an gwada a gida.

Man juye kilo 12 ne: baƙin mai lita 5, wato kusan rabin abin da injin ke ɗauka, sauran rabin yana motar abokin tafiya, man giya lita 3, man burki lita 1, giris kilo 1, da ruwan lagireto mai kauri. Wayar tauraron ɗan'adam da na'urar kiran ceto ba sa cikin kilo 90, amma a lura: Thuraya da aka saba da ita a Sahara ta daina aiki a Ostireliya tun 2024, sai a nemi Iridium.

Yadda aka shirya kayan ma yana cikin zaɓen. Masu nauyi su kwanta ƙasa tsakanin aksul biyu, rufin mota kuwa shimfiɗa da jarkokin da aka juye kaɗai. Sifana a naɗe su a jakar tamfol maimakon akwatin ƙarfe, robar mai kowace a sa ta cikin tsohuwar safa domin gargada tana goge roba har ta huje. Kowane noti mai muhimmanci a ƙarƙashin mota a ja masa layin fenti ya haɗe da jikin ƙarfen da yake kai, yadda da safe da tocila za a ga wanda ya motsa. A gargada kuma a tsaya duk bayan minti 40 zuwa sa'a ɗaya a kusantar da bayan hannu ga kowace shokazoba da kowace cibiyar taya. Wadda ta yi zafin da ba a iya taɓawa a jira ta huce. Wadda ta yi sanyi alhali sauran suna da zafi ta riga ta mutu, a canza ta a wurin kafin sifirin ya bi ta.